Lanho Muna Biya, Ina Lissafi?

 Yau maganar meri za mu yi, watau gidan magajin gari. Kowa ya san ƙofar wanga gida. Can ake zuwa neman takardar haihuwa. Can ake tabbatar da takardar gona in an saye ta ko an jinginar. Can kuɗin lanho ke tafiya, da kuɗin tikitin kasuwa, da abin da ake karɓa bisa dabbar da anka sayar. To, mutum nawa cikinmu sunka san abin da ake yi da kuɗin nan bayan sun shiga akwati?

Ga sukar da muke yi, a gajarce. Ana karɓar lanho da Hausa, ana lissafinshi da Faransanci. Ranar karɓa, ba wanda ke bukatar tafinta. Maigari zai faɗa maka dala nawa ke kanka, da bakin da kake ji. Amma ranar da za a faɗi inda kuɗin sunka tafi, sai magana ta koma takarda, takardar kuma da harshen da mai biya bai karanta ba. Wagga al'ada ta daɗe cikin kwamin-kwamin na ƙasarmu, ta birni da ta ƙauye. Za mu duba ta daga Tebaram da maƙwabtanta. Kada wani shi ɗauka faɗa muke nema. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba.

Yadda kwamin ta samu

Tsofaffi suna tune da lanhon zamanin Nasara. Ana biya don dole, kuɗi su tafi wurin kwamandan, ba mai tambaya. Bayan samun mulkin kai a 1960 ma an ci gaba da biyan kuɗin kai ga gwamnati. Sai zamanin Seini Kunce, da kuɗin uraniyom sunka shigo, anka soke rabon gwamnati, anka bar wanda ke zuwa ga hukumar yanki.

A watan Yuni na 2002 anka yi dokar da ta yanka ƙasa kwamin-kwamin. Ran 24 ga Yuli 2004 anka yi zaɓen farko na ƴan majalisa cikin kwamin 265. Gundumar Tawa ta samu kwamin shida na karkara: Afala, Bambai, Barmu, Kalfu, Takanamat da Tebaram. Birnin Tawa shi kuma an raba shi gida biyu, Tawa ta ɗaya da Tawa ta biyu. Tebaram tana yamma da Tawa. Arewa gare ta akwai Tiliya, ƙasar makiyaya, kudu kuma Bagarwa.

Dalilin da anka bayar a lokacin mai kyau ne. Mai ɗaki shi ya san inda ke mashi yoyo. Mutumin Yamai bai san wace rijiya ta rufta a ƙauyen Tebaram ba, bai san wane burtali gonaki sunka cinye ba. Anka ce a bar mutanen wuri su zaɓi nasu, su tara kuɗinsu, su yanke abin da za a yi da su. An sake zaɓe a watan Janairu na 2011, an kuma sake ran 13 ga Disamba 2020.

Abin da doka ta tsara

A watan Satumba na 2010 anka fito da babbar dokar ƙananan hukumomi. Ya kamata kowane mai biyan lanho shi san kaɗan daga abin da ta ce.

Ta ce majalisar kwamin ta zauna sau 4 a shekara, kowane wata uku sau ɗaya. Ƴan majalisa su ke zaɓen magajin gari daga cikinsu. Sarakunan gargajiya suna da kujera, ana jin shawararsu, amma ba su jefa ƙuri'a. Zaman majalisa a buɗe yake, kowa na iya shiga shi saurara, sai fa in majalisa ta yanke ta yi ganawar sirri.

Ta ce kafin sabuwar shekara ta kama, majalisa ta zauna ta yi kasafin kuɗi. Kasafi ba wani abu ba ne mai wuya. Kowane maigida na yin shi bayan girbi. Shina duba damin da ya shiga rumbu, shi ware na ci, da na iri, da na biyan bashi, da na sutura. Haka nan kwamin za ta rubuta abin da take sa ran samu, da abin da za ta kashe, layi-layi.

Ta ce daga kuɗin da kwamin ke tarawa, aƙalla kashi 45 cikin 100 su tafi ga aikin da za a gani da ido, kamar rijiya, ajin makaranta, rumfar kasuwa, gidan likita. Watau cikin kowace jikka 100, jikka 45 na aiki ne. Saura su ne na albashin ma'aikata, da man mota, da takardu, da kuɗin zama na ƴan majalisa.

Ta kuma raba hannu biyu. Magajin gari shi ke ba da umurnin kashe kuɗi, amma ba shi ke riƙe su ba. Akwai ma'aji dabam. Perefe kuma shina duba ko abin da majalisa ta yanke ya bi doka. Dokar ta ce jama'a na da hakkin sanin abin da ake ciki, magajin gari kuma shi riƙa yi masu bayani.

A watan Janairu na 2016 gwamnati ta ƙara wa kwamin kaya. Ta miƙa mata wani sashe na aikin ilimi, da lafiya, da ruwa, da muhalli. Kun ga ke nan fanfon da ya lalace da ajin zana da iska ya kwashe sun shiga cikin maganar meri.

Duk wannan tsari ba shi da laifi a takarda. Wajen aiki da shi ne igiya ta tsinke.

Inda igiya ta tsinke

Na farko, harshe. Lokacin da majalisa ke zama a Adar, da Hausa ake gardama, wani lokaci da Tamajak ko Fulatanci. Amma kasafin da ake gardama a kai da Faransanci yake. Takardar abin da anka yanke ita ma da Faransanci. Ƴan majalisa da yawa a karkara ba su yi makarantar boko ba. Mutane ne masu hankali, sun san ƙauyukansu ciki da bai, sun san lissafin kasuwa fiye da ɗan boko. Sai dai in an aje masu takarda mai shafi ashirin, dole su dogara ga abin da sakatare ya fassara da baki. Abin da ya tsallake, ya wuce ke nan. Mutum shi ɗaga hannu shi ce ya yarda, alhali bai ga layin da ya yarda da shi ba. Wannan ba yarda ba ce ta gaskiya.

In an gama, sai a manna takarda ga bangon meri, a ce an sanar da jama'a. Wace jama'a? Mai ƙauyen da ke tafiyar wuni guda bisa jaki bai zuwa karatun bango. In ma ya zo ranar kasuwa, ko ya iya karatun Hausa, takardar ba ta yi mashi magana. An cika doka, ba a sanar da kowa ba.

Na biyu, kasafi da ba shi da ƙafa. Sau da yawa akan rubuta kuɗin da za su shigo kamar kowa zai biya, kamar damana za ta yi kyau kowace shekara. Mu kuwa mun san Adar. Mun ga 2005, mun ga 2010. Shekarar da hatsi bai yi ba, samari sun tafi biɗa Abijan, ko Libiya, ko Najeriya, wa zai biya? In kuɗi sunka kasa, albashi da man mota ba su jira. Abin da ke jira shi ne rijiya. Haka kashi 45 ɗin nan ke narkewa, shekara ta ƙare ba a aza bulo ɗaya ba. Sannan duk aikin da anka gani, sai ka tarar da allon wata ƙungiyar agaji a gabanshi. Talaka shi ce: to, in baƙi ke gina mana rijiya, nawa kuɗin ina sunka shiga?

Na uku, littafin masu biya. Lanho na bin ƙidayar da anka yi ta gida-gida. In ƙidaya ta tsufa, sai ka iske sunan mamaci na nan ana bin gidanshi, yaron da ya girma har ya yi aure kuma ba shi ciki. Wani gida na ɗaukar kayan da ba nashi ba, wani na tafiya hannu sake. Sabunta littafin nan aikin meri ne na yau da kullum. In an bar shi shekara da shekaru, zalunci na shiga ba tare da kowa ya yi niyya ba.

Na huɗu, kasuwa. Ga kwamin ta karkara, kasuwar mako, musamman ta dabbobi, ita ce saniyar tatsa. Amma nan ne kuɗi sunka fi yoyo. Mai karɓa shi ce maka: tikiti dala ashirin ne, kawo goma ka wuce. Kai ka ji daɗi, shi ya ji daɗi, akwatin kwamin bai ga ko tamma ba. An sha ganin ana ba mutum aikin karɓar kuɗin kasuwa don ya yi wa jam'iyya wahala lokacin zaɓe, ba don an san shi da amana ba. Wanda anka ba aiki don lada, wa zai bincike shi?

Na biyar, zaman majalisa kanshi. Wurare da dama ba a cika zama huɗun nan ba, a ce babu kuɗin zama. Wani wuri kuma ƙarfin majalisa duk ya ƙare ga neman tsige magajin gari da naɗa wani. Wa'adin waɗanda anka zaɓa a 2011 shekara 5 ne, amma anka yi ta ƙara masu lokaci har ƙarshen 2020. Ɗan majalisar da ya san ba za a tambaye shi ba da wuri, ƙafarshi na nauyin zuwa ƙauye. Mata ma, doka ta ware masu kaso na kujeru, har an ɗaga shi zuwa kashi 25 cikin 100 a 2019. Amma kujera dabam, jin magana dabam. Matar da ta san wahalar igiya da guga ita ta fi cancanta a ji bakinta ranar da ake zaɓen inda za a gina rijiya.

Namu laifin

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kada mu ɗora wa meri kaya duka.

Tun 2004 har lokacin da anka rushe majalisa, zamanta a buɗe yake. Mu nawa munka taɓa shiga munka zauna? Mun ɗauka wurin manya ne. Lokacin zaɓe munka karɓi sabulu da turmin zane, munka jefa ƙuri'a, ba mu tambayi ɗan takara abin da zai yi da lanhonmu ba. Mu ke roƙon mai tikiti shi rage mana. Mu ke ɓoye kai ranar ƙidaya. Sannan mu ke cewa meri ba ta aikin komi.

Dubi takardar haihuwa. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a kai sanarwar haihuwa, kuma kyauta ne. Ana iya yi a gidan likita ko wurin da anka ware cikin ƙauye. In lokacin ya wuce, sai an bi ta hannun alƙali. Sau nawa uba ke mantawa, sai yaro ya kai ajin jarrabawa a shiga gudu da kashe kuɗin mota zuwa Tawa? Haka takardar gona. Tun dokar karkara ta 1993 anka buɗe hanyar kafa kwamitocin ƙasa, har sunka sauko ga kwamin da ƙauye, don a rubuta saye da aro da jingina, a kuma shata burtali da mashaya. Muka ce ai mun yarda da juna. Bayan shaidu sun mutu, ɗiya su gaji rigima.

Abin ya zama zobe. Talaka ya ƙi biya don bai ga aiki ba. Meri ta ce ba ta yi aiki ba don ba a biya ba. Kowa na da rabin gaskiya. Amma wanda ke riƙe da littafi shi ya kamata shi fara buɗe shi, don shi anka ba amana.

Zamanin kantoma

Ran 26 ga Yuli 2023 soja sunka karɓi mulki, Janar Abdurahaman Tiani ya zama shugaba. Ran 4 ga Afrilu 2024 anka rushe majalisun kwamin da na birane da na jihohi, anka naɗa kantomomi su riƙe. Ba shi ne karo na farko ba. An yi haka a 2010, kafin zaɓen 2011.

Wasu sun ce madalla, an huta da rigimar jam'iyyu, aiki zai yi sauri. Akwai gaskiya ciki, mutum ɗaya ya fi mutum goma sha biyar saurin yanke magana. Kuma kowa ya san aikin hukuma ya yi wuya a yankinmu. Ba mu manta da watan Maris na 2021 ba, ranar da anka kashe mutum 137 cikin ƙauyukan Tiliya. Inda hanya ba ta da aminci, ƙidaya da karɓar lanho da zuwa kasuwa duk sun zama abin tsoro.

Amma a lura da abu ɗaya. Da can, ko majalisa ta yi barci, akwai mutumin ƙauyenku a ciki. Kuna iya tare shi a masallaci ko wurin suna ku tambaye shi. Kantoma naɗa shi anka yi daga sama, galibi kuma baƙo ne a wurin. Ko shi mutumin kirki ne, bai san kowane ƙauye ba, kuma ba majalisar da za ta ce mashi a'a. Saboda haka bukatar bayyana lissafi ta ƙaru, ba ta ragu ba. Idon da ya rage bisa akwati shi ne na hukumar sama da na mai biya. Mai biya kuwa ba shi gani sai an nuna mashi.

Ga kuma wata hujja sabuwa. Kundin da anka kafa a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ita ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki ne. To, in haka ne, mi zai hana kasafin Tebaram shi fito da Hausa? Kada maganar harshen ƙasa ta tsaya ga jawabi a Yamai. Wurin da za a gwada ta shi ne bangon meri.

Abin da muke nema

Ba mu nemi abu mai tsada ba. Ga shi:

1. Kowace shekara a rubuta kasafi a gajarce, shafi ɗaya, da Hausa. Inda masu Tamajak da Fulatanci suke, a yi da nasu harshe. A sa kuɗin da jikka da dala yadda muke ƙirga, kusa da adadin sefa.

2. Kada takardar ta tsaya ga meri. A kai wa kowane maigari tashi. A manna ta kasuwa, da bakin fanfo, da wurin karatun manya. A karanta ta a rediyo.

3. Kowane ƙauye a faɗa mashi nashi lissafi. Ga misali. Shekaru da yawa lanhon ƙauye sefa 700 ne bisa kai, watau dala 140. In gari na da masu biya 400, kuɗinshi sefa 280,000 ne, jikka 280. A rubuta: ga abin da ke kanku, ga abin da ya shiga, ga rabon maigari na wahalar tarawa, ga abin da ya rage. Wannan ɗan lissafi kowane ɗalibin yaƙi da jahilci na iya bin shi da alli.

4. A kafa allo bakin kasuwa mai faɗin kuɗin tikitin raƙumi, da na sa, da na jaki, da na akuya, da na rumfa. Kowane wata a rubuta abin da kasuwa ta tara.

5. Duk aikin da anka ba ɗan kwangila, a faɗi kuɗinshi, da ranar gamawa, da wanda ya biya, kwamin ce ko gwamnati ko masu agaji.

6. Bayan girbi, mai riƙe da meri, magajin gari ne ko kantoma, shi zaga manyan garuruwa inda hali ya yi, shi zauna gindin itace, a karanta lissafi, a bar maza da mata su yi tambaya.

Wani zai ce fassara na cin kuɗi. Nawa ne kuɗin takarda ɗaya? Malaman karatun manya na nan, malaman makaranta na nan, aikin yini ɗaya ne. Wani zai ce in talaka ya ga lissafi zai tada rigima. Jita-jita ta fi lissafi tada rigima. Ma'aikacin da hannunshi ke da tsabta, wagga takarda ita ce mai wanke shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ku da kunka koyi karatu

Ku da ke riƙe da wagga jarida kuna karantawa da kanku, kaya ya hau kanku. Da can ana cewa talaka bai iya karatu ba, don mi za a rubuta mashi? Yanzu wagga hujja ta faɗi. Ga ku nan.

In kun biya lanho, ku karɓi resi, ku duba adadin da ke ciki, ku aje shi wuri ɗaya da katin iyali. In kun sayar da dabba, ku biya tikiti cikakke, ku karɓi takardarku, ko da ragin ya fi daɗi a ranar. Ku samu littafi ɗaya na gari, ku riƙa rubuta abin da anka tara da ranar da anka kai. In an haihu, kada kwana 60 su wuce. In za ku meri, ku tafi ku biyu ko uku tare da maigari, ku gaida ma'aikata da ladabi, ku ce kun zo ganin kasafin bana. In an ce da Faransanci yake, ku ce a fassara maku, ku rubuta da hannunku, ku kai gida ku karanta wa jama'a a dandali. Matambayi ba shi ɓata.

Kuɗin nan ba daga sama sunka faɗo ba. Tiyar hatsi ce da anka auna aka kai kasuwa, ɗan akuya ne da mace ta yi kiwo, guzuri ne da yaro ya aiko daga Abijan. Wanda ya fitar da su na da hakkin jin inda sunka kwana, da harshen da yake ji.

Allah shi ba shugabanninmu ikon riƙon amana, shi ba mu zaman lafiya da damana mai albarka. Amin.